Furannin da Haraji Ya Shuka a Bango

A shekarar 1712, zamanin Sarauniya Anne, gwamnatin Birtaniya tana neman kuɗi ido rufe bayan shekaru goma tana yaƙi da Faransa. Cikin kayan da ta ɗora wa haraji har da takardar ado, wadda masu hali ke liƙawa a bangon ɗakunansu. Duk takardar da aka buga wa zane ko aka shafa wa launi sai an biya kwabo ɗaya a kan kowane murabba'in yadi, kuma ba a jima ba aka ƙara kuɗin. Jami'an haraji sukan buga hatimi a bayan kowane falle don shaidar an biya. A 1806 ƙirƙirar hatimin bogi ya shiga jerin laifuffukan da hukuncinsu kisa ne.

Sai dai dokar ta bar wata kafa. Harajin zane bai hau kan takardar da ba a yi wa ado ba. Saboda haka mai gida sai ya sayi fara, ya liƙa ta a bango, sannan ya kira mai fenti ya zana masa furanni a kai. Wasu ma suka bar takardar gaba ɗaya, aka riƙa yi musu zanen a jikin yaɓen bangon.

Dabarar da masu fentin suka yi aiki da ita ita ce sitansil, wadda duk wanda ya taɓa ganin yadda ake buga lamba a jikin buhu ko ƙofar gida ya san ta. Ana samun takarda mai kauri, a shafe ta da mai don kada ta jiƙe, a yanke siffar fure ko ganye a jikinta da wuƙa mai kaifi. Sai a danne ta a bango, a dangwali fenti kaɗan da buroshi mai gajeren gashi, a riƙa daddanna shi a kan ɓular. In an ɗaga takardar, fure ya zauna. Kowane launi da takardarsa: ɗaya ta koren ganye, ɗaya ta jan fure. Gwanin yanka yakan bar siraran gadoji a cikin zanen domin su riƙe tsakiyar siffa kada ta faɗi, kuma waɗannan 'yan giɓi su ne ake gane aikin sitansil da su har yau.

Ba Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro ta ba. A kogunan tsibirin Sulawesi na Indunusiya akwai siffofin tafin hannu da aka yi kimanin shekara 40,000 da suka wuce, inda mutum ya dafa dutse ya fesa jan launi a kewayen yatsunsa. A Japan kuwa masu rini sun daɗe suna yanka zane a takardar da aka ƙarfafa da ruwan wani ɗan itace, suna ɗaure sassanta da zaren siliki. Abin da harajin 1712 ya yi shi ne mayar da tsohuwar dabara hanyar samun ado ga wanda aljihunsa bai kai ba.

Inda sana'ar ta fi bunƙasa shi ne ƙauyukan arewa maso gabashin Amurka, yankin da ake kira New England, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa wajen 1840. A can tsada da nisa ne suka yi aikin da haraji ya yi a Ingila. Takardar ado mai kyau daga Faransa da Ingila ake shigo da ita, attajiran birane irin su Boston ne ke iya saye. Manomin da ya gina gida yana son ɗakin baƙinsa ya yi kama da nasu sai ya jira mai fenti ɗan yawo. Shi wannan yakan iso da akwatinsa, a ciki da takardun zane, da buroshi, da garin launi, da zaren awo. Sau da yawa yakan dama garin da madarar shanun gidan bayan an kwashe mata mai. A gidan yake ci, a gidan yake kwana, har ya gama ya ƙara gaba.

Wanda sunansa ya fi fita a cikinsu shi ne Moses Eaton ƙarami, mutumin jihar New Hampshire, wanda ya rayu daga 1796 zuwa 1886, ya kuma gaji sana'ar daga mahaifinsa. Ja da kore ne launukan da ya fi so, a kan bango mai ruwan toka ko ruwan ƙasa. Yakan raba bango da tsayayyun layukan ganye, ya cika tsakaninsu da kwandunan furanni, ya zagaye sama da gefen ado. Abarba, wadda ake ɗauka alamar karɓar baƙo, tana yawan fitowa a aikinsa, siffar zuciya da ƙararrawa kuma akan danganta su da ɗakin amare. Da ido yake daidaita takardunsa, shi ya sa wani furen kan ɗan karkace, wani ya fi ɗan'uwansa duhu.

Inji ne ya kashe kasuwar. An soke harajin takarda a 1836, kuma a 1839 wani kamfani a garin Darwen na yankin Lankasha ya samar da injin buga takardar bango, wanda aka kwaikwayo daga na buga atamfa. Farashi ya faɗi warwas. Abin da a da sai attajiri ya zama na kowa, mutane kuma suka zaɓi ainihin abin a kan kwaikwayonsa. Aka bi furannin masu fenti aka liƙe da takarda, falle a kan falle. Wani hani ga Allah baiwa ne: takardar ta kare zanen daga rana da hayaƙi har kusan shekara ɗari.

A shekarun 1930 wata mai bincike, Janet Waring, ta riƙa bin tsoffin gidaje tana duba abin da ke ƙarƙashin takardun. Ta samu akwatin Eaton a saman rufin gidan iyalinsa, da takardun zane 78 da buroshi takwas, fenti bai gama fita daga jikinsu ba. Da su ne aka iya gwada zane da zane a gane gidajen da ya yi wa aiki, tun da irin waɗannan masu fenti ba su cika sa hannu a bango ba. Littafinta ya fito a 1937, daga nan aka fara kallon aikin a matsayin kayan tarihi. A 1953 gidan tarihi na Shelburne da ke Vermont ya ɗauko wani gida sukutum daga jihar New York saboda zanen bangonsa kawai.

Ba kowane bango ne ya yi wannan sa'a ba. Zanen bango ba ya shiga akwati, makomarsa tana hannun mai gini. Ko zauren kasuwar hannun jari ta Chicago, wanda Louis Sullivan ya ƙawata da sitansil mai launuka fiye da hamsin a 1894, bai tsira daga rusau ba a 1972. Mai ɗaukar hoto Richard Nickel ya rasa ransa a ciki yana ƙoƙarin ceto kayan adonsa, bene ya rufta masa. Daga sassan da aka ceto aka sake gina zauren a Cibiyar Fasaha ta Chicago a 1977, kuma a can ne kaɗai ake iya ganinsa yau.