Farin Sahel: laifin makiyayi ko zafin teku?

Bayan farin 1972-1973, wanda ya hallaka dabbobi masu yawa a Nijar, masana sun shiga neman dalili. A 1975, Jule Charney, masanin yanayi ɗan Amurka, ya kawo nasa bayani: in dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta zama fako, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama, iska ta huce ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa. Bayanin ya samu karɓuwa, kuma mun san wanda aka ɗora wa laifi: makiyayi, sannan manomi.

A 1986, bayan farin 1984, Folland, Palmer da Parker a Ingila suka duba teku. Sun gano cewa a shekarun da tekunan kudu suka ƙara ɗumi, na arewa kuma suka ƙara sanyi, iskar damina mai ɗauke da laima ba ta nisa zuwa arewa. Binciken Alessandra Giannini na 2003 ya ƙarfafa wannan.

A ganinmu, lalacewar ƙasa tana tsananta fari ne kawai; mafarinsa yana teku. Ƴan bincike na baya sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abin da ya sanyaya arewacin Atlantika a waɗannan shekaru.