Hukuncin riƙe wa mace takardun shaidarta, da yafe mata kuɗin sabunta su

Tambaya:

Ƙanwata ta bar gidan mijinta saboda duka, ya riƙe katin ɗan ƙasa nata da fasfo da takardun haihuwar yaranta, wasu ma ya ƙone su. Mene ne hukuncinsa? Shin ya halatta ta karɓi rangwamen hukuma, ko a biya mata daga zakka?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: ka sani cewa aure ba ya mallaka wa miji dukiyar matarsa, balle takardun shaidarta. Riƙe su don ya tilasta mata komawa, ko don ta kasa kai ƙara, zalunci ne kuma haramun ne. Allah Ya hana riƙe mata don a cutar da su a Suratul Baƙara, aya ta 231, Ya kuma hana ƙuntata musu a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6. Cutarwar a nan ba ƙarama ba ce, domin a yau mace marar takardar shaida ba za ta buɗe asusun banki ba, ba za ta yi rajistar layin waya ba, sanya yaranta a makaranta ma zai yi mata wuya.

Wajibi ne ya mayar mata da abin da ke hannunsa. Wanda ya ƙone kuwa, kuɗin sabunta shi yana wuyansa, domin wanda ya lalata kayan wani shi ke ramawa. Idan ta sami damar ɗaukar takardunta ba da saninsa ba, babu laifi a kanta, matuƙar ba za ta jefa kanta cikin haɗari ba. Annabi (sallallahu alaihi wa sallam) ya yi wa Hindu 'yar Utba izinin ɗibar abin da zai ishe ta da ɗanta daga dukiyar Abu Sufyan, to ina ga abin da yake nata ne tun asali?

Na biyu: ya halatta hukuma ta yafe wa irin wannan mata kuɗin sabuntawa, kuma abin yabo ne, domin shugaba yana tasarrufi ne bisa maslahar talakawansa. Ita ma ya halatta ta karɓa, ko a ƙasar da ba ta Musulmi ba ce. A Amurka, alal misali, dokar VAWA ta 1994 ta ba wa wadda mijinta ɗan ƙasa ko mai katin zama ya ci zarafinta damar neman izinin zama da kanta ba tare da shi ba, kuma daga 1 ga Afrilu 2024 hukumar USCIS ta ɗauke wa masu wannan nema kuɗin mafi yawan takardun da suke cikawa. Dokar ta haɗa har da mazan da aka zalunta.

Sharaɗin shi ne gaskiya. Wanda ya ƙirƙiri labarin duka don a yafe masa kuɗi ya ci haram. Haka kuma idan aka buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, ta faɗi abin da ya faru: an ƙwace ne ko an ƙone. Kada ta rantse cewa sun ɓata don ta rufa wa miji asiri, domin rantsuwa a kan ƙarya tana cikin manyan zunubai.

Na uku: idan babu rangwame kuma ba ta da hali, ya halatta a ba ta zakka, domin tana cikin matalautan da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60. Kai ɗan'uwanta kana iya ba ta taka, ka sami ladan sadaka da na sada zumunci. Ka damƙa mata kuɗin a hannu, ko ta wakilta ka ka biya.

Na huɗu: idan a Najeriya take, ka kwantar mata da hankali cewa lambar NIN ba ta canzawa don an ƙone takarda, ana iya gano ta ta danna *346# a layin da aka yi rajista da shi. Takardar haihuwa kuma a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake nemanta. Dokar VAPP ta 2015 ta haramta cin zarafi ta fuskar dukiya, a Abuja da jihohin da suka amince da ita.

Kada ku matsa mata ta koma tana cikin tsoro. Ku nemi sulhu ta hanyar wakili daga danginsa da wakili daga danginta, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 35. Idan ya ƙi, ku kai ga alƙali, domin a mazhabar Malikiyya alƙali yana da ikon raba auren idan cutarwa ta tabbata kuma matar ta nemi haka.

Allah ne Mafi sani.