Ƙasidar Abdullahin Gwandu da Yaƙin Katsina da Maraɗi

A shekarar 1807, mayaƙan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suna kan hanyar Alƙalawa, ƙanensa Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Bai wuce Kano ba. Dalilin tafiyar yana cikin wata ƙasida ta Larabci da ya sa a littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813.

Mai yabon yaƙi kan ɗora laifi a kan abokin gaba. Abdullahi kuwa mutanensa ya tuhuma. Malaman da aka fara tafiya da su sun ƙare a fagen fama, musamman a Tsuntsuwa da Alwasa. Waɗanda suka maye gurbinsu hankalinsu na kan sarautar garuruwa, da ƙwaraƙwarai, da tufafin ado, da dawakin kilisa. Bai janye hujjar jihadi ba ko kaɗan. Abin da ya gani shi ne dalilin da ke tayar da yaƙi daban, abin da ke ciyar da shi daban, kuma na biyun yana cikin zuciyar ɗan Adam, ko wace tuta ya riƙe. Sai dai ƙasidar ba ta duba yunwa da ƙarancin guzuri ba, alhali su ma sun tura mayaƙa ga ganima.

Ƙasar Madarumfa, da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, ta ɗanɗana wannan magana. A shekarar ta 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi. Gidan sarauta na da ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Manufarsu a fili take: komawa gadon iyaye. A Gawakuke, a 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya taron dangin Gobir da Maraɗi, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi.

Yaƙi bai mutu ba, kama ya sake. A zamanin Ɗan Baskore, daga shekarun 1850, hari ya zama aikin rani: a gama girbi, a ɗaura sirdi, a komo da bayi da dabbobi. Katsinawan birni ma haka suke ramawa. Ana ta ambaton ƙwato birni, manoman kwarin Gulbin Maraɗi da na kewayen Dajin Rugu suna biyan kuɗin da ƴaƴansu da rumbunansu, har Turawan Ingila suka shiga Katsina a 1903, iyakar mulkin mallaka ta ratsa tsakanin garuruwan biyu.