Daga Turmi Zuwa Butar Shayi: Filabonoyid a Cimar Mutanen Garuwa

Filabonoyid rukuni ne na sinadarai sama da 6,000 waɗanda tsiro ke haɗawa don kare kansa daga zafin rana da ƙwari. Su ne ke ba zoɓo ja, su ba goro da ganyen shayi bauri. A 1936 masanin nan ɗan Hangare, Albert Szent-Györgyi, ya ɗauka bitamin ne, amma zuwa 1950 an janye wannan suna, domin rashinsu ba ya jawo wata cuta takamaimiya. Saboda haka tambayar da masana ke yi ita ce nawa baligi ke samu a rana, kuma wace fa'ida yawansu ke yi wa zuciya da jijiyoyin jini.

Amsoshin sun yi hannun riga da juna. A 1976 Kühnau ya ƙiyasta wa Ba'amurke kusan giram 1 a rana. A 1993 Hertog da abokan aikinsa suka samu miligiram 23 kacal a Holan. Nazarin Chun na 2007 ya ba baligan Amurka kusan miligiram 190, wani kuma na 2015 ya ba na Tarayyar Turai 428. Cimar mutane ba ta bambanta har haka ba. Mudun awon ne ya bambanta. Mutanen Holan sinadarai biyar kawai suka ƙirga, na baya kuwa suka haɗa da dangin katekin da suka cika ganyen shayi. Cikin miligiram 190 na Amurka, 157 daga shayi suka fito. A ganina, mafi yawan waɗannan alƙaluma lissafin kofunan shayi ne kafin su zama lissafin abinci. A Denmak an bi mutum 56,048 tsawon shekara 23, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna haɗarin mutuwa na raguwa har zuwa wajen miligiram 500 a rana, daga nan ƙari ba ya ƙara komai. Alaƙa ce aka gani, ba hujjar cewa sinadarin shi kaɗai ya yi aikin ba.

Wanda ya ɗauko wannan mudu ya kawo shi Garuwa, a Arewacin Kamaru, zai gamu da cikas tun a bakin ƙofa. Manyan jadawalan da ake dogaro da su, wato na Ma'aikatar Noman Amurka da ya fara fitowa a 2003 da Phenol-Explorer na Faransa, an gina su ne kan tuffa da inabi da cakulan. Jadawalin abincin Afirka ta Yamma na FAO kuwa, wanda ya san kuka da daddawa, furotin da ma'adinai da bitamin yake lissafawa, babu filabonoyid. Ga kuma akushi ɗaya da hannaye biyar a ciki, ba wanda zai ce ga giram nawa na miya ya shiga cikinsa. Duk da haka ana iya bin sawun sinadaran daga gona zuwa baki.

Dawa ce wurin farawa. Arewacin Kamaru na da jar dawa ta damina, wadda Fulani ke kira njigaari, da masakwa da ake dasawa a laka bayan ɗaukewar ruwa, galibi fara ko rawaya. Jar dawa na ɗauke da wani irin launi da ba kasafai ake samunsa a sauran hatsi ba, ɗan'uwan wanda ke cikin karan dafi, kuma ya fi na zoɓo jure zafi. Wasu irinta, masu duhun ɓawon ciki, suna da tanin mai yawa. Sai dai kusan duk wannan a fatar ƙwaya yake zaune. Mace ta yayyafa wa dawa ruwa, ta surfa, ta sheƙe, ta wanke har ruwan ya daina fita ja, sannan a kai inji. Abin da masani ke nema ya riga ya tafi cikin dusa, tumaki da kaji suka ci. Ba laifin mai surfe ba ne: tuwon da ba a surfa ba yana da bauri, tanin kuma na rage narkewar furotin. Masu shan bilbil, giyar da ake dafawa da jar dawa a wasu unguwanni da ƙauyuka, suna samun wani kaso ta can, amma barasar na zuwa da nata lissafin.

Sauyin da ya fi surfe tasiri shi ne na hatsin kansa. A yankin audugar kamfanin Sodecoton masara ta samu gindin zama saboda taki, shinkafa kuma ta zama abincin birni. Farar masara da gogaggiyar shinkafa kusan ba su da filabonoyid. Gidan da ya bar jar dawa ya koma kansu ya yi asarar da ba ya ji a baki ko a ciki.

Miya ce ke rufa asiri. Arewa ce rumbun albasar Kamaru, daga fadamun Marwa zuwa kwarin Binuwai, kuma ja ko ruwan hoda ake nomawa, irin su Gudami da ta Galmi. Irin wannan albasa kan ƙunshi filabonoyid mai suna kwasetin, miligiram 20 zuwa 50 a giram 100, mafi yawa a zoben waje, wanda mai gaggawa ke ɓarewa ta yar. Tafasawa na fitar da shi cikin ruwa, amma da yake ruwan shi ne miyar, ba a rasa shi. Zogale da tafasa da lalo da ganyen wake duk suna kawo nasu. Yakuwa, wato follere, ita ce sarauniyar tukunyar Garuwa, ganyenta a miya, jan ɓawonta a zoɓo. A gwajin Jami'ar Tufts na 2010, mutum 65 aka raba gida biyu, waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum na mako shida awon jininsu na sama ya sauka da kusan maki 7. Jan launin zoɓo yana son tsami. Kanwa na lalata shi, kamar yadda duk wadda ta ga ruwan ya rikiɗe ya yi duhu ta sani. Sukarin da ake zubawa a zoɓon ƙulli kuwa wani zance ne.

Sai shayi, kuma a nan ne rabon ya karkace. Kofi ɗaya na iya wuce miligiram 100, balle ganyen Sin da ake tafasawa a ƙaramar buta har sau uku. Magidancin da ya karya a teburin mai shayi, ya zauna majalisa bayan la'asar, ya ɓara goro, zai iya kai mizanin Denmak ba tare da ya ɗanɗana 'ya'yan itace ba. Matarsa da ke gida, mai tuwon masara da miya, tana iya tsayawa nesa da shi, alhali tukunyarsu ɗaya. Matsakaicin adadi na gari zai ɓoye wannan tazara.

Kada kuma a yi saurin cewa mata su rungumi buta. Tanin na riƙe sinadarin ƙarfe na ganye da hatsi. Gwajin Hallberg da Rossander na 1982 ya nuna shayi tare da abinci na rage shigarsa jiki da kusan kashi 60 cikin 100. Ƙidayar lafiya ta Kamaru ta 2018 ta samu ƙarancin jini ga kusan mata 4 cikin 10 masu shekarun haihuwa. Ga mai juna biyu, tazarar sa'a ɗaya tsakanin tuwo da shayi ta fi ƙarin miligiram amfani.

Duk nazarin da za a yi a nan, ko a ɗakunan gwajin makarantar ENSAI ta Ngaundare ko a Jami'ar Garuwa da aka kafa a 2022, dole ya auna dafaffen tuwo da miya maimakon ɗanyar ƙwaya, ya ware maza da mata, ya kuma maimaita awon a damina lokacin ɗanyen ganye, da bazara lokacin mangwaro da busasshiyar kuka, da watan azumi da zoɓo da kunun tsamiya ke yawaita.