Ciwon Kan da Ke Lafawa In An Kwanta

A 1898, likitan Jamus August Bier ya sa aka gwada masa allurar kashin baya. Kwana tara ya yi kwance: in ya miƙe kai ya sara, in ya kwanta ya lafa. Ruwan da ke tallafe ƙwaƙwalwa ne ya yoye. In ya ragu, ƙwaƙwalwa kan sauko, ta ja jijiyoyin da ke kewaye da ita, kai ya yi ciwo. A 1960 James Gormley ya toshe irin wannan huda da jinin majinyaci.

'Yan'uwa marubuta, mutane na koyi da labaranmu. In jarumarmu ta kamu da wannan ciwo bayan tiyatar haihuwa, mu kai ta Asibitin Barau Dikko, kada mu ɗora wa iskoki.