Tsohon Alkawari da Sabo: Ina Bambancin Yake, Kuma Me Ya Hana a Raba Su?

A wajejen shekara ta 140 Miladiyya wani attajiri mai jiragen ruwa, Markiyon, ya baro garin Sinope da ke gaɓar Baƙin Teku a ƙasar Turkiyya ta yau, ya sauka birnin Rum. Ya shiga jama'ar Kiristocin birnin da hannu sake, don tarihi ya adana cewa ya ba su kyautar kuɗin Rum na wancan zamani har dubu 200. A shekara ta 144 suka kore shi, suka kuma mayar masa da kuɗinsa. Abin da ya haɗa su shi ne koyarwarsa cewa Ubangijin da ya halicci duniya ya ba Musa shari'a daban yake da Uban da Yesu ya yi wa'azinsa, saboda haka Kirista ba shi da hurɗa da littattafan Yahudawa. Markiyon bai tsaya a fatar baki ba. Ya haɗa wa mabiyansa nasu littafin: Linjilar Luka da ya rage wa tsawo, da wasiƙun Bulus guda goma, shi ke nan. Cocinansa sun bazu daga Rum har Siriya, sun yi ƙarnuka kafin su ɓace, amma tambayar da ya tayar ba ta ɓace ba. Har yau akan ji mai cewa Tsohon Alkawari littafin fushi ne, Sabo kuma littafin ƙauna. A ganina wannan bayani ya samu karɓuwa ne don yana da sauƙin haddacewa, ba don ya dace da abin da ke cikin littattafan ba. Bambanci akwai shi, babba ma, sai dai a zamani yake, da harshe, da irin jama'ar da aka rubuta wa.

Tsohon Alkawari ɗakin karatu ne na al'umma guda, wato Isra'ilawa, wanda aka tara cikin ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Yesu. Da Ibrananci aka rubuta shi, in ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra da ke da Aramaik, kuma shi ya kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na Littafi Mai Tsarki. Tun da littafin mutane ne masu ƙasa da sarki da sojoji da Haikali, akwai dokar gado a ciki, da hukuncin san da ya soki mutum, da yadda firist zai duba kuturta, da jerin sarakuna, da waƙoƙin ibada, da karin magana, da kukan waɗanda aka kwashe zuwa Babila bayan faɗuwar Urushalima. Sabon Alkawari kuwa littattafai 27 ne, da Girkancin kasuwa, wanda fatake da ma'aikata ke ji daga Iskandariya har Rum, kuma galibin masana sun sa rubuta shi tsakanin shekara ta 50 da wajejen 100. Marubutansa ba su da ƙasa, ba su da kotu, ba su da runduna. Ƙananan ƙungiyoyi ne masu taruwa a gidajen mutane a Koranti da Afisa da Tasalonika, a ƙarƙashin mulkin Kaisar. Shi ya sa ba za ka sami dokar haraji ko ta yaƙi a ciki ba, sai labarin mutum ɗaya an ba da shi sau huɗu, da tarihin manzanni, da wasiƙu 21, da Wahayi. Mai karatun Hausa da ya saba da sunayen Attaura da Zabura da Linjila ya lura cewa rabon bai zo daidai da wannan ba: Attaura littattafai biyar ne kawai na farkon Tsohon Alkawari, Zabura littafi ɗaya ce a tsakiyarsa, Linjila huɗu kuma ba su kai rabin Sabon ba.

Dalilin da ya sa dattawan Rum suka ƙi bin Markiyon yana cikin aikin Markiyon ɗin kansa. Kiristocin farko ba su da Sabon Alkawari. In Bulus ya ce Nassi, littattafan Yahudawa yake nufi, yawanci a fassarar Girkanci da aka soma a Iskandariya a ƙarni na uku kafin haihuwar Yesu, wadda ake kira Septuwajin. Da su suke wa'azi, da su suke jayayya a majami'u. Matiyu ya buɗe Linjilarsa da jerin kakanni daga Ibrahim, ya bi ta Dawuda. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ba ta fahimtuwa ga wanda bai san tsarin hadaya da aikin babban firist a Littafin Firistoci ba. Ko sunan sabon alkawari ma daga annabcin Irmiya aka ɗauko shi, sura ta 31. Saboda haka da Markiyon ya zo yankan Tsohon, dole ta sa shi yankan Sabon: ya watsar da Matiyu da Markus da Yahaya, ya cire labarin haihuwar Yesu daga Luka, ya bi wasiƙun Bulus yana goge ayoyin da suka ambaci Ibrahim da alheri. Kamar mai son zare zaren tsaye daga saƙa ne ya bar na kwance, abin da zai rage a hannunsa ba zane ba ne. Tertuliyan, malamin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya rubuta littattafai biyar a kansa a wajejen shekara ta 207, kuma dabararsa ita ce ya ɗauki Lukan Markiyon ɗin da aka rage, ya nuna cewa ko a hakan cike take da Musa da annabawa.

Mai musu zai ce ai Markiyon ba makaho ba ne: yaƙe-yaƙen Joshuwa suna nan, da umarnin hallaka Amalekawa, ga kuma Huɗubar Kan Dutse tana cewa a ƙaunaci maƙiyi. Gaskiya ne, kuma duk malamin da ya wuce waɗannan surori da murmushi bai yi wa ɗalibansa adalci ba. Amma a duba ɗaya gefen. Dokoki biyu da Yesu ya ce sun fi kowace girma, ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, daga Maimaitawar Shari'a da Littafin Firistoci ya ɗauko su. Littafin Yunusa gaba ɗayansa labarin annabi ne da ya fusata don Allah ya ji ƙan Nineba, birnin abokan gaba. Dokar barin gefen gona ga matalauci da baƙo a lokacin girbi ta Musa ce. A Sabon Alkawari kuwa Hananiya da matarsa Safiratu sun faɗi matattu a gaban Bitrus saboda ƙarya kan kuɗin fili, Linjila ta yi maganar wutar lahira fiye da yadda Attaura ta yi, Wahayi kuma bai bar wata annoba a baya ba. Hukunci da jinƙai suna gefe biyun. An kuma ga inda raba su ke kaiwa. A 1921 babban masanin tarihin coci na Jamus, Adolf von Harnack, ya wallafa littafi kan Markiyon yana cewa lokaci ya yi da Furotesta za su sauke Tsohon Alkawari daga matsayinsa. Shi hujjar ilimi yake kawowa, amma a Nuwamba 1933 wani jigon Kiristoci masu goyon bayan Nazi, Reinhold Krause, ya yi kiran a zubar da shi a gaban dubban mutane a Berlin, a 1939 kuma aka kafa cibiya a Eisenach don kankare duk wata alamar Yahudanci daga coci. Sabon Alkawarin da suka fitar a 1940 sai da suka cire masa jerin kakannin Yesu.

Musu na biyu ya fi wannan ƙarfi: in littafin ɗaya ne, me ya sa yawancin Kiristoci ba sa kiyaye Asabar, suna cin abin da Musa ya hana, kaciya kuma ba farilla ba ce a gare su? A nan ne ainihin tsagin yake, kuma ya girmi Markiyon. Ayyukan Manzanni sura ta 15 ta ba da labarin taron Urushalima, wajejen shekara ta 49, inda aka yanke cewa wanda ba Bayahude ba zai shiga bangaskiya ba tare da ɗaukar dukan shari'ar Musa ba. A shekara ta 70 rundunar Rum a ƙarƙashin Titus ta rushe Haikali, hadaya ta tsaya ga kowa, Bayahude da Kirista. Coci ta riƙe littafin a matsayin maganar Allah, ta ce wasu dokokinsa sun cika aikinsu. Daga baya malamai irin su Toma Akwinas suka kasa shari'ar uku, ta ɗabi'a da ta ibada da ta mulki, suka ce ta farko ce ke nan daram. Wannan kason ba ya cikin Attaura, dabarar masu fassara ce, shi ya sa ba a taɓa yin baki ɗaya a kai ba. Cocin Habasha har yau tana girmama Asabar tare da Lahadi, mabiyanta suna ƙin naman alade. 'Yan Adbentis suna ibada ranar Asabar. Duk da haka gardamar tasu kan yadda za a karanta Tsohon Alkawari ce, babu mai cewa a jefar.

Musun da ba shi da amsa mai gamsar da kowa na Yahudawa ne. A wurinsu littafin bai tsufa ba, balle a kira shi Tsoho. Tanak suke ce masa, littattafai 24, kuma suna karanta Ishaya ba tare da sun ga Yesu a ciki ba. Tun wajejen shekara ta 160 Jastin Shahidi ya rubuta doguwar muhawara da wani Bayahude, Tirifo, kan waɗannan ayoyi. Naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a kogunan Kumran a 1947, har da cikakken Ishaya mai tsawon mita bakwai da ɗoriya, sun tabbatar da daɗewar nassin, amma ba su raba gardamar ma'anarsa ba. Su kansu Kiristoci sun fi saɓani kan iyakar Tsohon fiye da Sabon. Jerin 27 da Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta a wasiƙarsa ta 367 shi Katolika da Furotesta suke bi, amma a Tsohon Furotesta na da 39, Katolika 46, domin Luther, jagoran Furotesta, ya ware littattafan da babu su a jerin Ibrananci a fassararsa ta 1534, Majalisar Trent ta Katolika kuma ta tabbatar da su a 1546. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 jerin Furotesta ya bi.

Hatta tsarin jera littattafan hujja ne. Waɗannan 39 abin da ke cikinsu ɗaya ne da 24 na Yahudawa, ƙirga ce ta bambanta, amma Tanak yakan ƙare da Littafin Tarihi, inda Sarki Sairus na Farisa ya ba da izinin komawa Urushalima a sake gina Haikali. A yawancin bugun Kirista na yau Tsohon Alkawari yana ƙarewa da Malakai da alkawarin dawowar Iliya, mai karatu ya juya shafi ya tarar da Matiyu, inda ba da jimawa ba Yahaya Mai Baftisma zai fito daga jeji sanye da tufar gashin raƙumi. Wannan jeri ma bai zauna da wuri ba: a manyan kundayen Girkanci na ƙarni na huɗu, na Batikan ya rufe Tsohon Alkawari da Daniyel, na Sina'i kuma da Ayuba.