Tiga: Shekarun da Ruwa Ya Iske Manoma Har Gida

Tsakanin 1971 da 1974, gwamnatin Audu Bako ta datse Kogin Kano a Tiga, ruwa ya taru ya zama tafki. Garuruwan ƙasar Rano irin su Rurum suka wayi gari a bakin ruwa. Tafkin ya cinye gonaki da wuraren kiwo, aka tsugunar da waɗanda ya tasa a sababbin matsugunai. Wasu manoma suka koyi su da tuƙin kwalekwale, Fulani suka nemi sabon burtali, Hausa da Fulatanci suka ci gaba da cuɗanya a kasuwa. Amfanin ruwan ya gangara Kadawa da Kura da Bunkure, inda noman rani ya bunƙasa. Asarar ƙasar gado kuwa ta tsaya a kan mutanen bakin tafki.